Mabuɗin Ranar Juma'a

Ran da dattawan ikilisiya suka ɗora mini hannu
na zaci wuta za ta sauko.
Abin da ya sauko tafina mabuɗi ne,
da littafin lissafi mai fam tamanin da huɗu,
da lambar mai gadin zauren da muke haya
bayan tashar mota, a nan Bolton.

Juma'a, ƙarfe shida, yayyafi ya ƙi zama ruwa, ya ƙi ɗaukewa.
Na kunna na'urar ɗumi,
sai da ta yi tari uku ta yarda.
Na jera kujeru ashirin, na dawo na kwashe shida,
don kujerar da ba kowa ita ma wa'azi take yi,
kuma yara sun fi jin nata.

Doka ta ce babba ɗaya ba ya zama da yara shi kaɗai,
shi ya sa nake jiran Baba Yunana
ya taso daga ɗaukar kaya a sito,
ya zauna bakin ƙofa yana gyangyaɗi.
Gyangyaɗin nan hidima ce.
Na sa shi a jadawali.

Takarda kan takarda.
Sa hannun uwa kafin a hau mota.
Wa gyaɗa ke kaiwa asibiti? Keziya.
Wa za a zo ɗauka, wa zai bi bas?
Ban san da biro ake kiwo ba.

In tambaye su da Hausa, su mayar mini da Turanci.
Sannu suka riƙe, da tuwo, da amin.
Na daina jin haushi:
da uku ɗin nan ma ana iya kafa gida.

Wani dare na zo da darasi mai kai bakwai,
Filibus ya ɗaga hannu tun ban kai na biyu ba:
Anti, in ana jin addu'a,
me ya sa takardun babana suka shekara uku a ofis?
Na duba kai bakwai ɗina, ba wanda ya ɗago.
Na ce ban sani ba.
Mako na gaba ya zo da abokinsa.

Ma'aji Zakka ba ya sakin sisi sai ya ga rasit.
Mun sayar da cincin wata biyu a ƙofar sujada
kafin kuɗin zuwa bakin teku suka cika.
Goma sha huɗu na ƙirga da safe.
Goma sha huɗu a kan yashi.
Da yamma, bakin mota, goma sha uku.

Cikina ya ɗuri ruwa.
Bayan rumfar mai sayar da kifi na same ta, Afiniki,
ta ja hannun riga ta rufe abin da ba ta so a gani.
Ban buɗe nassi ba. Na zauna kan bencin da ya jiƙe.
Ta ce kar ki faɗa wa kowa.
Na ce wannan kaya ya fi kaina ni kaɗai,
akwai wadda aikinta ke nan, gobe za mu je,
hannuna cikin naki.
Wata guda ba ta gaishe ni ba.
Tana nan. Ita ke kaɗa mana ganga yanzu.

Shekara biyar ke nan.
Tabita ta cika ashirin, takardar tantancewarta ta fito.
Jiya na zare mabuɗin daga cikin nawa,
zoben ya karya mini farce.

Ta jera kujerun a da'ira, ba yadda nake yi ba.
Ta fara da wasa, addu'a daga baya.
Gyara ya zo har bakina, na haɗiye shi da shayi.
Na ja kujera kusa da Baba Yunana,
na ji muryarta na rawa, sannan ta tsaya da ƙafarta.

Ban san lokacin da kaina ya sunkuya ba.
Keziya ce ta taɓa ni:
Anti, an ce amin.